Yadda ake ɗinka babban bargo da ragowar ƙyallaye

Ki fara da wanke ƙyallayen, ki goge su. Yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, wani kuma launinsa ya zuba, gara ya yi hakan tun bai shiga aiki ba.

Sai yanka. Ki fitar da kwali mai santimita 12 kowane gefe, ki riƙa ɗorawa kina zanawa kina yankawa. A nan fa ban yarda da gaggawa ba: kuskuren milimita 2 a kowane yanki, in an jera 15, ya zama santimita 3, kusurwoyi su ƙi haɗuwa.

Shimfiɗa yankakkun ƙyallayen a ƙasa ki ga zaman launukan. Ki ɗinka layi-layi, kina barin santimita 1 a baki. Ki kwantar da ɗinkin layi ɗaya dama da dutsen guga, na biye hagu, don kada mahaɗa ta yi tudu, sannan ki haɗa layukan.

Shafi a ƙasa, auduga a tsakiya, fuskar da kika haɗa da ƙyallayen a sama. Kafa fil sosai, ki ɗinka daga tsakiya zuwa waje. Nauyin bargon zai riƙa jan allura, ki naɗe gefen da ke shiga wuyan keke, sauran ki tallafe da tebur. Sai ki rufe bakin da siririn ƙyalle.