Yadda ake warware lissafi mai x da y a ikweshon biyu

Ƙannena masu shirin WAEC da NECO, musamman ku da ke zuwa lesin a Samaru da Tudun Wada, wannan tambayar mai ikweshon biyu da haruffa biyu wallahi makin ɓagas ne, amma abin yana mini ciwo yadda gaggawa ke sa yara suna zubar da shi.

A ce ka je wurin mai shayi a Kongo, kofi 2 da biredi 3 aka ce naira 2100, abokinka kuma ya karɓi kofi 3 da biredi 1 ya biya 1400. Kuɗin kofi ka sa masa x, na biredi y:

2x + 3y = 2100
3x + y = 1400

Dabarar ita ce ka kashe harafi ɗaya tukuna. A sama akwai 3y, a ƙasa y ɗaya ne tak, to ninka layin ƙasa sau 3 don su zo daidai, kuma don Allah ka ninka layin gaba ɗaya har da 1400 ɗin, nan ne da yawa ke faɗuwa, sai su ninka hagu su bar dama yadda take. Za ka samu 9x + 3y = 4200. Yanzu ɗebe layin sama daga wannan, 3y ta tafi, saura 7x = 2100, raba da 7, x = 300. Mayar da 300 cikin layi na biyu, 900 + y = 1400, kenan y = 500.

Ka lura da alama fa. Nan ɗebewa muka yi saboda 3y ɗin duka biyun alamarsu ɗaya, da a ce ɗaya +3y ce ɗaya kuma -3y, to tarawa za ka yi.

Akwai kuma hanyar musanya, ni na fi son ta in harafi yana tsaye shi kaɗai: y = 1400 - 3x, sai ka zuba shi a mazaunin y a layin farko cikin baka, amsa ɗaya za ta fito.

Kafin ka miƙa takarda gwada amsarka a layin farko, 600 + 1500 ya ba da 2100, shi ke nan. In bai yi daidai ba koma wurin ɗebewar, galibi can kuskuren yake.