Yadda Ma'ajin Ƙungiyar Ɗalibai Zai Tsare Lissafin Kuɗin Jami'a

Idan jami'a ta ba ƙungiyar ɗalibai kuɗi domin taro ko gasar wasanni, tana sa ran a dawo mata da bayanin inda kowace naira ta shiga, kuma a mafi yawan jami'o'in Najeriya Sashen Kula da Harkokin Ɗalibai ne ke karɓar wannan bayani kafin ya wuce ofishin kuɗi na jami'a.

Tun kafin kuɗin su shigo, ma'aji ya ajiye kwafin kasafin da aka amince da shi tare da wasiƙar amincewa, domin da su za a auna duk abin da aka kashe daga baya. Kuɗin su shiga asusun ƙungiya mai masu sa hannu biyu ko fiye, kada su ratsa asusun wani shugaba ko da na kwana ɗaya ne. A littafin kuɗi kuma a ware wa tallafin jami'a shafinsa dabam da na kuɗin rajistar mambobi, saboda cakuɗa su yana rikita lissafi ƙwarai.

Wurin da aka fi samun matsala shi ne rasit. Duk abin da aka saya a rubuta shi a ranar da aka saya, da kwanan wata, da sunan wanda aka biya, da adadin kuɗin, da layin kasafin da ya fito daga ciki, sannan a manna rasit ɗin a bayan bauca mai lamba, wato takardar da ƙungiya ke cikewa kan kowane biyan kuɗi. Rubutun takardar da na'urar POS ke fitarwa yana dushewa da sauri, musamman a lokacin zafi, don haka a ɗauki hotonta ko a yi mata kwafi nan take. Mai keke napep da mai ɗaukar kujeru ba su da rasit, amma hakan ba dalili ba ne na barin gurbi. Sai a rubuta ƙaramar takardar shaida, wanda ya karɓi kuɗin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, wani jami'in ƙungiya ya shaida. A ganina wannan ƙaramar takarda ita ce ta fi kare mutuncin ma'aji mai gaskiya ranar da majalisar ɗalibai ta zauna bincike.

A ƙarshen kowane wata a karɓi bayanin asusu daga banki a gwada shi da littafi layi bayan layi, har da ƙananan cajin banki, irin naira 50 da ake cira kan tura kuɗi daga naira 10,000 zuwa sama, waɗanda sukan sa lissafi ya ƙi daidaita.

Bayan an kammala aikin, a haɗa rahoto da baucocin, mai binciken kuɗi na ƙungiya ya duba, a mayar da ragowar kuɗin ta hanyar da jami'a ta tsara a kuma riƙe shaidar biya. Kwafi ɗaya ya tafi Sashen Harkokin Ɗalibai a buga masa hatimin karɓa, ɗayan kuma ya shiga fayil ɗin da za a miƙa wa shugabannin da za su gaji na yanzu.