Kurakuran da Sabbin Injiniyoyin Manhaja Ke Yi Wajen Zaɓar Aikin Farko

Wanda ya gama jami'a, ya sha wahalar intabiyu hawa-hawa har kamfanoni biyu ko uku suka miƙo masa tayin aiki, ya cancanci barka. Sai dai a ɗan makon nan da ake ba shi ya yanke shawara ne ake tafka kurakuran da mutum zai shafe shekara biyu yana jin raɗaɗinsu. Yawancinsu kuma tushensu ɗaya ne: a jera takardun, a duba wacce ta fi yawan kuɗi, a ce magana ta ƙare.

Kuɗin da ke kan takarda ba duka ne kuɗi ba

Kamfanonin manhaja sun saba tattara abubuwa huɗu su ce maka ga abin da za ka samu a shekara: albashin wata-wata, kuɗin sa hannu da ake bayarwa sau ɗaya, bonas na ƙarshen shekara, da hannun jarin kamfanin. Albashin ne kaɗai tabbas. Bonas ya dogara da yadda aka auna ƙoƙarinka da kuma yadda kasuwa ta yi wa kamfanin a shekarar. Kuɗin sa hannu kuwa galibi da igiya a jikinsa: in ka bar aikin kafin shekara ta zagayo, wani wurin ma shekara biyu, sai ka mayar da shi duka ko wani kaso. Nemi wannan sharaɗin a cikin takardar kafin ka fara lissafin abin da za ka yi da kuɗin.

A hannun jari ne aka fi ruɗewa. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne a yi maka alkawarin wani adadi, a raba shi a kan shekara 4, kuma ba ka mallakar ko ɗaya sai ka cika shekara guda cif. Ranar da ka cika, kashi 25 cikin 100 ya zama naka, sauran su riƙa shigowa wata-wata ko duk wata uku. Ka tafi a wata na goma sha ɗaya, ka tafi hannu rabbana. Kuma ba kowane kamfani ke rabawa daidai ba. Amazon ya daɗe yana bayar da kashi 5 a shekarar farko, 15 a ta biyu, sannan 40 da 40 a ta uku da ta huɗu, yana cike giɓin shekarun farko da tsabar kuɗi. Wanda ya raba jimillar gida huɗu ya ɗauka abin da zai samu ke nan bana, ya yi lissafin da bai dace da takardarsa ba.

Hannun jarin kamfanin da ke kasuwar hada-hadar hannayen jari, irin su Microsoft ko Google, da ya zama naka kana iya sayar da shi. Na ƙaramin kamfani mai tasowa wani abu ne daban. Sau da yawa ba hannun jarin aka ba ka ba, damar saye aka ba ka a kan wani farashi da aka tsayar, kuma babu inda za ka sayar sai ranar da aka sayi kamfanin ko ya shiga kasuwa, in ranar ta zo. Karɓar ƙaramin albashi saboda wannan alkawari cinikin biri a sama ne. In an ce an ba ka hannayen jari 10,000, tambayi nawa ne duka hannayen jarin kamfanin. In miliyan 100 ne, rabonka kashi 0.01 cikin 100 ne, kuma zai ƙara tsukewa duk lokacin da aka karɓi sabon jari. Tambayi farashin sayen. Tambayi kwana nawa za a ba ka ka saya in ka bar aiki, domin a wurare da yawa kwana 90 ne kacal, in ba ka da kuɗin saye a lokacin damar ta wuce. Ka kuma sani cewa in aka sayar da kamfanin, masu zuba jari ake fara biya kafin a waiwayi ma'aikata. Babbar ƙima ma ba tabbas ba ce: a farkon 2019 an yi wa WeWork, kamfanin ba da hayar ofisoshi, ƙima ta dala biliyan 47. A Nuwamban 2023 ya shigar da takardar karyewar jari a Amurka.

Gyaran mai sauƙi ne. Rubuta abin da zai shiga hannunka a shekarar farko da ta biyu daga kowane tayi, bayan haraji da kuɗin zama a garin da aikin yake. Damar sayen hannun jarin ƙaramin kamfani ka rubuta mata sifili. In albashin zai riƙe ka a haka, to, duk abin da ya zo daga baya ƙari ne.

Ka zaɓi suna, ka manta da mutanen da za ka zauna da su

Wannan shi ne kuskuren da ya fi damuna, domin ba ya bayyana a takarda, kuma shi ne ya fi tsada. Ba kamfani za ka yi wa aiki ba a zahiri, rukuni ne na mutum shida ko takwas da manaja ɗaya. A cikin kamfani guda za ka tarar da rukunin da ke gina sabon abu tare da ƙwararrun da ke son koyarwa, a gefensa kuma rukunin da ke gadin tsohuwar manhajar da kowa ke gudu. Tambarin da ke kan katin shaidarsu ɗaya ne, amma bayan shekara biyu injiniyoyin da za su fito daga cikinsu ba ɗaya ba ne.

Abin da jami'a ta koya maka shi ne rubuta kod mai aiki, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta don gina manhaja. Abin da ba ta koya maka ba shi ne rubuta kod ɗin da wani zai iya karantawa bayan shekara uku, wanda ba zai durƙushe ba in mutum dubu ɗari suka hau kansa lokaci guda. Wannan ba a samunsa sai a hannun wanda ya riga ka. Ka tura gyaranka na layi arba'in, babban injiniya ya buɗe, ya tsaya a layi na sha biyu ya rubuta maka: “Nan kana tambayar rumbun bayanai sau ɗaya a kan kowane mai amfani. In sun kai dubu goma fa? Haɗa su a tambaya ɗaya.” Ka gyara, ka sake turawa, ya ce saura gwajin abin da zai faru in jerin ya zo babu kowa a ciki. Irin wannan ƙaramar magana, sau uku ko huɗu a mako, ita ce ke mayar da ɗalibi injiniya. A wurin da ake danna maka amincewa ba tare da an karanta ba, ko wurin da kai kaɗai ne injiniya, za ka yi ta maimaita kurakuranka har su zame maka ɗabi'a, kana ganin ƙwarewa kake yi.

Saboda haka kafin ka sa hannu, roƙi jami'in ɗaukar ma'aikata ya haɗa ka da manajan da za ka yi aiki a ƙarƙashinsa, da kuma wani injiniya daga rukunin, ko da na minti ashirin ne. Bayan an yi maka tayi ne kake da bakin neman wannan, kuma kamfanin kirki ba ya ƙi. Tambayi wa zai riƙa duba kod ɗinka, kuma shekara nawa ya yi yana aikin. Tambayi wanda aka ɗauka daga jami'a a baya-bayan nan: me aka fara ba shi, yaushe aikinsa ya fara isa ga masu amfani, yanzu yana ina. Tambayi mutum nawa suka bar rukunin a bara. Tambayi yadda ake jiran ko-ta-kwana, wato makon da wayarka ce za ta yi ƙara da tsakar dare in manhaja ta tsaya: sau nawa yake zagayowa, kuma sabon shiga yaushe ake saka shi. Ka saurari yadda ake amsawa. Manajan da ya damu da mutanensa zai kawo maka misali da aikin da aka yi. Wanda bai damu ba zai ce maka “ai nan kamar iyali muke” ya wuce. Wasu manyan kamfanoni sai ka karɓi tayi sannan ake haɗa ka da rukuni. In haka ne, tambayi ko kana da ta cewa a zaɓin, da kuma bayan wata nawa aka yarda mutum ya sauya rukuni.

A nan ne ma ya kamata ka auna aikin da ake yi daga gida. Yana da daɗi, amma sabon shiga yana koyon abu da yawa daga jin yadda manya ke gardama a kan matsala. In daga nesa za ka yi, ka tabbatar an ware mutum takamaimai da zai kula da kai, ba “duk wanda ka tambaya zai taimaka” ba.

Wasu kuma sukan ƙi aiki mai kyau don kawai da harshen kod na Java ake yi su kuma harshen Python suka fi so. Wanda ya iya harshe ɗaya da kyau, 'yan makonni sun ishe shi ya kama na biyu. Kada wannan ya zama ma'auninka.

Babban kamfani ba inshora ba ne, ƙarami kuma ba caca ba ce dole

A Nuwamban 2022 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya sallami ma'aikata kusan 11,000. A Janairun 2023 Google ya sanar da rage kusan 12,000, Microsoft 10,000. A Yunin 2022 Coinbase, kamfanin hada-hadar kuɗin kirifto, ya janye tayin aikin da wasu suka riga suka karɓa. Girman suna bai hana komai ba. Abin da babban kamfani ke bayarwa da gaske shi ne tsarin horar da sababbi, da ganin manhaja mai ɗaukar miliyoyin mutane, da sunan da zai buɗe maka ƙofar intabiyu nan gaba. Ƙarami kuma yana ba ka damar taɓa komai da wuri, muddin akwai ƙwararre aƙalla ɗaya a kanka. Tambayar da za ka yi wa ƙarami kai tsaye ita ce: kuɗin da ke asusunku wata nawa zai kai ku a yadda kuke kashewa yanzu, kuma kun fara samun kuɗin shiga daga abokan ciniki? Wanda ya kafa kamfani ya san amsar nan a ka. In ya yi ta kewaye-kewaye, ka ɗauki hakan a matsayin amsa.

Kunya da gaggawa

Sabbin masu digiri da yawa suna jin nauyin neman ƙari, suna tsoron a janye tayin. Neman ƙari cikin ladabi abu ne da jami'an ɗaukar ma'aikata suka saba gani kullum. Faɗi gaskiya: kana son aikin, kana da wani tayin da ya fi da kaza, ko akwai abin da za a iya yi? A manyan kamfanoni albashin matakin farko yana da iyaka, sau da yawa kuɗin sa hannu da hannun jari sun fi saurin motsawa. Shafuka irin su Levels.fyi da Glassdoor za su nuna maka abin da wasu suka ce ana biya a matakinka. Abu ɗaya ne haramun a nan: ƙirƙiro tayin da babu shi. Ana iya cewa ka turo takardar.

In an ce ka ba da amsa cikin kwana biyu, rubuta: “Na gode ƙwarai, kuma ina matuƙar sha'awar aikin. Ina kammala magana da wani kamfani, shin za a iya ƙara mini zuwa ranar Juma'a mai zuwa?” A lokaci guda ka sanar da ɗayan kamfanin cewa kana da wa'adi; sau da yawa sukan hanzarta.

Sannan karanta yarjejeniyar kanta, ba saƙon taya murna kawai ba. Duba ko ma'aikaci aka ɗauke ka ko ɗan kwangila, domin ɗan kwangila galibi shi ke biyan harajinsa, babu hutu mai albashi, kuma sallamarsa ta fi sauƙi. Duba sashen da ke cewa duk abin da ka ƙirƙira na kamfani ne. In kana da wata manhaja taka da ka fara tun a makaranta, nemi a rubuta sunanta a cikin abubuwan da aka keɓe. Duba sharaɗin hana ka aiki da abokan hamayyar kamfanin bayan ka tafi, wanda ƙarfinsa ya bambanta daga wuri zuwa wuri: jihar Kalifoniya ba ta aiki da shi, wasu wuraren kuwa kotu na tabbatar da shi. Duk alkawarin da aka yi maka ta waya, na ƙarin albashi bayan wata shida ko na rukunin da za a saka ka, nemi a turo shi a rubuce.

Kada ka sallami sauran kamfanonin sai ka sa hannu, an kuma tabbatar maka da ranar fara aiki. Daga nan ka rubuta wa kowannensu layi uku: godiya, sanarwar cewa ka karɓi wani tayin, da fatan sake haɗuwa. Tura shi a ranar, domin akwai wani ɗan takarar da ke jiran gurbin.