Kafin ka sayi gida a Amurka, sauka ɗakin ƙasa ka duba hita

Lasisin tuƙi, asusun banki, sa yara makaranta, duk waɗannan za ku gama da su cikin 'yan watanni, kuma a masallaci ba za a rasa mai raka ku ba. Mutanenmu na birnin Kolombus a jihar Ohayo ba sa barin baƙo ya yi ta lalube shi kaɗai, wannan kam ina alfahari da shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. A hunturun bana ƙannenmu uku suka kira ni cikin dare, kowanne hitarsa, wato na'urar ɗumama gida, ta mutu, kowanne bai cika shekara biyu da sayen gida ba.

In haya kake, maganar gajeriya ce. Hita ta mai gida ce, gyaranta a wuyansa yake. Ka sanar da shi a rubuce, ka ajiye saƙon. Kada ka kunna gawayi ko ka bar murhun gas a buɗe don jin ɗumi. Gidajen nan a toshe suke ruf, kuma iskar kabon monoksaid ba ta da wari, a cikin barci take kashe mutum.

Mai sayen gida, da kai nake. Lokacin da na sayi nawa, falo na duba, da kicin, da ɗakin da baƙi za su sauka. Mai duba gida ya rubuta a rahotonsa cewa hitar ta haura shekara 20, ban kai shafin ba. Cikin Janairu ta tsaya cak, ƙarfe biyu na dare, ƙaramar 'yata tana da wata bakwai. Wanda ya san sanyin Ohayo ya san ba hunturun Kano ba ne da bargo biyu ke maganinsa. Bututun ruwa ma daskarewa suke su fashe. Kamfanin da ya fara ɗaga waya shi na ba aikin. Suka ce dala 12,000, hita da iyakwandishan, a bashi, "ba ruwa har wata 18". Na sa hannu jikina na rawa. Ban san cewa in wa'adin ya cika da sauran ko dala ɗari a kanka, za a lissafa maka kuɗin ruwan tun daga ranar farko ba, kusan kashi 30 cikin ɗari a shekara. Ni da na yi ta gudun riba, sai da ɗaukar adashi biyu ta fitar da ni kafin ranar. Har yanzu in na tuna, raina yana ɓaci.

Saboda haka ku ji. Hita takan yi shekara 15 zuwa 20, iyakwandishan 10 zuwa 15. Sauya su biyun yakan ci daga dala 7,000 zuwa 15,000, ya danganta da girman gida, in bututun iska ma sun lalace ya wuce haka. Inshorar gida ba ta biyan abin da tsufa ya kashe. A jikin kowace na'ura akwai 'yar takarda mai lamba da ke nuna shekarar ƙira, ka ɗauke ta hoto kafin a yi ciniki. In ka ga an rubuta R-22, wato sunan gas ɗin sanyaya iska, a jikin iyakwandishan, tsoho ne tukuf. Tun farkon 2020 aka hana ƙera wannan gas ɗin da shigo da shi Amurka, cika shi yanzu tsada ne. Da wannan hujjar za ka ce mai sayarwa ya rage kuɗi ko ya sauya kafin ka karɓi makulli.

In sauyin ya zama dole, ka nemi farashi a rubuce daga kamfani uku, kuma ka yi shi a watan Afrilu ko Oktoba, lokacin da ba sa cikin rububi. Wanda ya faɗi farashi ta waya bai auna gidanka ba, rabu da shi. A tabbata kamfanin da ka zaɓa yana da lasisi, ya kuma karɓo izinin hukumar birni. Na san akwai ɗan'uwa mai hannu da zai ce zai haɗa maka da rabin kuɗi, amma aikin gas ne, iyalinka ne ke kwana a kansa. Bayan an haɗa, ka yi wa na'urar rajista wajen kamfanin da ya ƙera ta cikin kwana 60, yawanci da haka ake samun garantin shekara 10 maimakon 5. Filtar tace iska kuma a sauya ta duk wata ɗaya zuwa uku. Masu ƙaramin ƙarfi su tambayi shirin LIHEAP na taimakon kuɗin ɗumama gida, a Ohayo HEAP ake ce masa, ba abin kunya ba ne.

Cikin ukun nan da suka kira ni, biyu sun riga sun sa hannu kafin gari ya waye. Na ukun na ce ya kwaso iyalinsa su kwana a gidana. Washegari muka kira kamfani uku, na biyun ya duba ya ce abin kunna wutar ne kawai ya ƙone, ya sauya shi a dala 300.