Yadda ake gina kofin kylix irin na maginan Atina na da

Kylix kofi ne mai faɗin baki, mara zurfi, mai mariƙi biyu da ƙafa ɗaya, wanda Girkawan da suke shan ruwan inabi da shi bayan sun sirka da ruwa. Maginan unguwar Kerameikos a Atina sun yi fice wajen gina shi, kuma duk mai son bin sawunsu sai ya fara sanin cewa baƙin nan mai sheƙi da ke jikin kofin ba fenti ba ne, yumɓu ne da wuta ta sauya masa launi.

Da farko a jiƙa jan yumɓu mai yawan sinadarin ƙarfe, a bari tsakuwa da yashi su kwanta, sannan a ɗebi mai laushin a kwaɓa. A gina kwanon daban da ƙafarsa daban a kan faifai mai juyawa, idan sun sha iska a haɗe su da ruwan yumɓu, a liƙa mariƙan.

Sai zane, wanda ake yi da tataccen ruwan yumɓu. A tsohon salo ana cike siffar mutum da shi, a karce idanu da ninkin tufafi da tsini. Haka magini kuma mai zane Exekias ya zana Dionysos, abin bautar Girkawa na ruwan inabi, cikin jirgin ruwa a kofinsa da ke birnin Munich na Jamus. Tun wajen shekara ta 530 kafin haihuwar Annabi Isa aka juya lamarin, ana shafe kewayen hoton a bar siffar da janta, a ja layuka da siririn buroshi. Kada a yi sakaci da tsakiyar kwanon, domin hoton wurin ne yake bayyana ga mai sha yayin da abin shan yake raguwa.

Gashi shi ne inda gwaninta take, kuma zango uku ne a wuta guda. A bar kafofin tanderu a buɗe har zafi ya kai kusan digiri 800 a ma'aunin Celsius, komai zai yi ja. Sai a toshe su, a cusa ɗanyen itace, zafi ya haura zuwa kusan 950; hayaƙi zai baƙanta kofin gaba ɗaya, kuma wurin da aka shafa zai daskare ya toshe ƙofofin iskarsa. Daga nan a buɗe, a bar tanderun ya huce sannu a hankali. Inda ba a shafa ba zai sake shaƙar iska ya koma ja, zanen kuwa ya tsaya baƙi ƙirin.

Idan zafi bai kai ba a zango na biyu, baƙin zai fito da dabbare-dabbaren ja. Shi ya sa maginan suke sa gutsattsarin gwaji a tanderu, suna zaro su ta wani ɗan rami suna duba launi kafin su buɗe kafofin.