Yadda za ka yi hayar keke mai sauƙin kuɗi ka zaga Zanzibar

Salamu alaikum jama'a. Tun da mutanenmu na nan Sakkwato sunka fara leƙa Zanzibar hutu, wasu ango da amarya, wasu 'yan kasuwa da ke ratsowa daga Darussalam, kukan da nake yawan ji in sun dawo ɗaya ne, wai wuri akwai kyau amma tasi ta cinye musu guzuri. Kuma gaskiyarsu, don direbobin da ke tsayawa ƙofar otal farashin Turawa suke yanka ma kowa. Ni abin yana min ciwo, mutum ya tara kuɗi da ƙyar ga canji ya yi tsada, ya je ya ƙare daga ɗaki sai mota daga mota sai ɗaki, bai ga gari ba bai san mutanen gari ba. Alhali ga keke nan, ba ya son lasin ba ya shan mai. Mashin ko mota in za ka yi haya sai an yi maka takardar izinin tuƙi ta can, keke kuwa hawa kawai za ka yi.

Kafin a zo kan keken, mai fasfo ɗin Najeriya ya nemi bizar Tanzaniya, ƙasar da Zanzibar take ciki, tun yana gida da wuri, don muna cikin ƙasashen da sai an duba takardunsu kafin a amince, ba a ba mu a filin jirgi. Ka riƙe katin rigakafin shawara. Sannan tun 1 ga Oktoba 2024 Zanzibar ta wajabta ma baƙi inshorar tafiya ta dala 44, ana saye ta intanet. Wannan ke nan.

Yanzu abin da nake so ka riƙe da kyau, kada ka sa a ranka za ka kewaye tsibirin nan duka a kan keke. Babban tsibirin, wanda su ke ce ma Unguja, tsawonsa ya kai kilomita 85, kusan ka ce daga nan Sakkwato zuwa Illela. Daga tsohon gari Stone Town zuwa Nungwi can arewa kusan kilomita 60 ne, zuwa Paje a gabas wajen 50. Wanda ya ce zai yi wagga tafiya a keken haya to hutunsa ya koma wahala. Dabarar ita ce doguwar tafiya ka shiga daladala, motar hayar talakawa ke nan, kuɗinta kaɗan ne ƙwarai, in ka sauka yankin da za ka kwana biyu ko uku sai ka ɗauki keke a nan ka ci yankin da ƙafafunka. Keke na unguwa, daladala ta nisa. In ma dole sai ka tafi da keken, masu a-kori-kura da ke da kariya a sama suna ɗaure shi a kai ka ƙara musu wani abu.

Wajen haya. Kusan kowane masauki zai ce yana da keke ko zai nemo maka, to amma ka sani akwai la'adarsu a ciki. Ka taka ka fita bakin babban titi na ƙauyen, Paje ko Jambiani ko Nungwi, za ka ga shagunan haya da kekuna jere a ƙofa, ka tambayi biyu ko uku kafin ka tsaya. Keke sunansa baiskeli, in ka ce bei gani kana tambayar nawa ne, sauran kuma da ɗan Turanci da kalkuleta ta waya za ku fahimci juna. Ka fara da sallama, mutanen nan mafi yawansu Musulmi ne kuma wallahi sallama tana sauya fuskar ciniki. Kada ka yi cinikin awa, shi ne mafi tsada. Ka ce kwana uku kake so ko mako, nan ne ake samun ragi na gaske, kuma ka yi ciniki da sulen Tanzaniya ba dala ba, in anka kira dala kullum sama ake zagaye kuɗin. Ka canza kuɗinka a cikin gari tun kafin ka fita ƙauye, ka nemi ƙananan takardu.

Za su so jingina. Fasfo ɗinka kada ya bar hannunka ko da wasa, ka ba da hotonsa ko sunan masaukinka ko ɗan kuɗin ajiya a rubuta a takarda. Ka karɓi lambar mai shagon ka kira nan take a gabansa ka ga ta shiga. Ku kuma yi magana a fili tun yanzu, in taya ta yi faci wa zai biya, in sarƙa ta tsinke fa, in an sace fa nawa ne. Abin da ba a faɗa da safe ba shi ke zama rigima da yamma.

Akwai wani abu da ke rikita baƙi wajen lokacin maido da keke, su lissafin agogonsu daga fitowar rana yake farawa, ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe 1 a bakinsu, 6 na yamma kuma 12. Don haka in kun yi alkawari ka nuna masa a fuskar waya, ko ku ce bayan la'asar ko kafin magariba, wanga kam kowa ya gane.

To duba keken, nan nake so ka ɓata lokaci don nan ne komai yake. Iskar teku gishiri gare ta, tana cin ƙarfe, keken da fentinsa ke ƙyalli yana iya zama ruɓaɓɓe ta ciki. Ka durƙusa ka dubi sarƙa, in ta yi ja da tsatsa ta bushe ka ce a sa mata mai ko a sauya maka wani. Ɗaga tayar gaba ka juya ta da hannu ka zuba ido tsakanin taya da robar birki, in tana rawa tana goga gefe guda to ta lanƙwashe. Ka matsa wayoyin taya bibbiyu da yatsu ka ji ko akwai wadda ta saki. Ka danna taya da babban yatsa, ka dubi gefenta ko ta tsattsage. Sai birki, ka kama na dama ka tura keken, ka kama na hagu ka tura, ka san wanne ke riƙe gaba wanne ke riƙe baya don ba duk kekuna ne ɗaya ba, kuma wanda ya damƙe na gaba da ƙarfi a kan yashi ƙasa zai sha. Sirdi a ɗaga maka shi har in feda tana ƙasa ƙafarka ta kusa miƙewa, masu haya sun cika barinsa ƙasa kuma shi ke kashe gwiwa. Ka hau ka je ƙarshen layi ka dawo, in mai giya ne ka sauya su duka ka ji. Daga nan ka ɗauki hoton keken ta kowane gefe har inda ya kwarzane, mai shagon yana kallo. Ka nemi kwaɗo da sarƙar ɗaurewa, da famfo in akwai, da hular kwano. Ni dai a ganina kada ka biya kuɗin keke mai giya da yawa don tsibirin shimfiɗe yake, tudu kaɗan ne, abin da ya fi amfani shi ne taya mai faɗi da kwando a gaba na sa ruwa.

Hanya kuma, a nan ne haɗarin yake ga ɗan Najeriya. Can hannun hagu ake tuƙi, mu tun 1972 munka koma dama, duk jikinmu ya saba. Matsalar ba lokacin da kake cikin tafiya ba ce, lokacin da ka tsaya ka sha ruwa ka sake hawa ne, ko ka fito daga lungu, sai ka ga ka koma dama ba ka sani ba. In za ka shiga titi hannun dama za ka fara dubawa. Shataletale ta hagu ake shigarsa. Daladala suna gudu kuma suna tsayawa ba sanarwa, in ka ji hon a bayanka ka sauka gefe kawai ka bar su su wuce, su ma 'yan kabu-kabu na can haka. Da dare kuwa kada ka hau, hanyoyin ƙauye ba fitila, kuma wurin kusa yake da tsakiyar duniya, rana na faɗuwa tsakanin 6 da 7 duk shekara, duhu na rufewa da sauri.

Kada ka ce ai ni Basakkwace ne zafi ba ya ba ni tsoro. Namu busasshe ne, nasu mai gumi ne, zufa ba ta bushewa a jiki sai ta yi ta zuba ka galabaita ba ka ankara ba. Ka fita bayan asuba, kafin 11 ka nemi inuwa, ka sake fita bayan la'asar. Ruwan gora babba a kwando, a hanya kuma akwai masu ɗanyar kwakwa, mutum zai sare kanta da adda ya miƙo maka ka shanye, sannan ya fasa ya yanko ɗan ɓawon ya ba ka ka kankare farin cikin da shi. Damina babba Maris zuwa Mayu ce, ƙarama wajen Nuwamba, daga Yuni zuwa Oktoba ya fi daɗin keke. Iska ma ka lura da ita, watannin tsakiyar shekara daga kudu take busowa, Disamba zuwa Fabrairu daga arewa, to ka fara tafiya kana fuskantarta da sauran ƙarfinka, in za ka dawo a gajiye sai ta turo ka.

In da za a ce in zaɓa maka wuri guda, gabas zan ce, ka sauka Paje ko Jambiani. Dalili, tekun wajen yana janyewa nesa ƙwarai sau biyu a kwana, sai ya bar farin rairayi jiƙaƙƙe mai tauri wanda taya ke bi sumul, babu mota babu hon. Ka bi inda yashin ya yi duhu don danshi, busasshen na sama taya nutsewa take. Lokacin da ya dace shi ne kamar awa biyu kafin ruwa ya gama janyewa zuwa awa biyu bayan haka, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50, don haka ka tambayi jadawalin a masauki ko ka duba a waya, kada ka yi aiki da na jiya. Mu da ke lissafin wata abin ya zo mana da sauƙi, farkon wata da daren sha huɗu ruwa ya fi janyewa kuma ya fi cikowa. In ya fara dawowa ka haura titi tun da wuri, don akwai wuraren da yake kaiwa har jikin duwatsu da katangun otal ba wajen ratsewa. A hanyar za ka ga mata zaune cikin ruwa iya gwiwa da zannuwansu, sun kafa turaku sun ja igiyoyi suna ɗaura ciyawar teku, nomansu ke nan, a busar a sayar. Kada ka bi ta cikin turakun, kuma kada ka ɗauke su hoto sai ka nemi izini.

Daga Paje in ka yi arewa akwai Bwejuu nan kusa, ka miƙe har Michamvi. In ka yi yamma ta kwalta kuma za ka kai dajin Jozani inda jajayen biran nan suke, waɗanda asalinsu sai Zanzibar, ana biyan kuɗin shiga a ba ka ɗan jagora. Mai ƙarfin ƙafa kuwa ya yi kudu daga Jambiani ta Makunduchi zuwa Kizimkazi, wuni guda ne cur, amma ni wurin ya fi ko'ina taɓa min zuciya. Akwai tsohon masallaci a Kizimkazi Dimbani, tsohon rubutun Larabci na Kufi da ke jikin mihrabinsa ya nuna shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, kusan shekara 700 kafin a kafa garin Sakkwato a 1809. An sake gina shi daga baya amma rubutun na nan, kuma har yau ana salla ciki. Ka je da shiga ta mutunci ka nemi mai kula da shi ya buɗe maka.

Stone Town kam cikin lungunan ƙafa ta fi, sun matse ga mutane ga mashina, in ka shiga da keke turawa za ka yi ta yi. Amfaninsa a nan shi ne fita bayan gari, kangon fadar Maruhubi da ta Mtoni suna arewa kaɗan, sai gonakin kanumfari da kayan yaji wajen Kidichi da Kizimbani, nan ne za ka ɗan haɗu da hawa. Nungwi da Kendwa kuwa kusa suke da juna, keken wuni guda ya ishe ka.

Maganar sutura, kaftani ko jallabiya bakinsu na shiga sarƙa, ka naɗe ko ka sa riga da wando, ƙafar wandon dama ka cusa a safa. 'Yan'uwa mata masu so su hau, ku nemi keken da ba shi da sandar tsakiya, wando a ciki, abaya a tattare ta a ɗaure a ƙugu, gyale ko hijabi mai tsawo a soke shi kada ya kai tayar baya. In lokacin azumi ne kuma kana kan tafiya ba ka yi ba, kada ka sha ruwa a bainar jama'a, abin yana ɓata musu rai.

Faci ba abin tsoro ba ne, kusan kowane ƙauye akwai mai gyara a gindin bishiya, ka ce fundi za a nuna maka, ka tambayi kuɗin kafin ya ciro tiyub. Ka sauke taswirar Google Maps a waya tun kana da wayfai don wasu wurare sabis na yankewa. Duk inda za ka shiga, masallaci ko gidan abinci, ka ɗaure keken da wani abu kafaffe, da dare kuma a shigar da shi cikin masauki.

Ranar maidowa ka watsa masa ruwan famfo ka wanke yashi da gishiri musamman sarƙa da birki, ka kai shi da sauran haske don a duba a gabanka, ka buɗe hotunan da ka ɗauka in an nuna wani kwarzane, ka karɓi kuɗin ajiyarka da takardarka kafin ka bar shagon.