Sauya tayoyin motar gudu da daidaita iskarsu

1. Fara karanta rubutun jikin tsohuwar taya, misali 245/40 R18 97Y. 245 faɗinta ne da milimita, 40 tsayin gefenta ne, kashi 40 cikin ɗari na faɗin, 18 girman rim da inci. 97 na nufin tana ɗaukar kilo 730, Y kuwa gudun kilomita 300 a awa. Kada ka sauka ƙasa da abin da kamfanin motar ya rubuta. Araha a nan hatsari ce.

2. Duba gaba da baya daban. Motocin gudu da yawa tayoyinsu na baya sun fi faɗi, don haka ba a musanya su. Porsche na sa alamar N a tayoyin da ta amince da su, BMW kuma alamar tauraro.

3. Nemi lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT a jikin taya, waɗanda ke nuna lokacin da aka ƙera ta. 2322 ke nan mako na 23 na 2022. Tayar da ta daɗe a ajiye robarta kan bushe ko da zanenta sabo fil ne.

4. Sauya bibbiyu, hagu da dama, iri ɗaya. A yi balansin.

5. Adadin iska na manne a ginshiƙin ƙofar direba, ba lambar jikin taya ba, wadda iyaka ce kawai. Auna da safe kafin motar ta motsa, domin zafin gudu na ƙara kusan psi 4 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne). Idan ka sace iskar taya mai zafi, za ta yi ƙasa idan ta huce. Ƙarancin iska na cinye gefuna biyu yana kuma dumama taya, yawanta na cinye tsakiya.